Wa ya goye shi? Lacca kan shaidar dangi wajen gano galahanga ga babban mutum

An naɗi wannan lacca a waya a wani zaure da ke Tudun Wada, Zariya, wata Asabar bayan azahar. Mai laccar likitan ƙwaƙwalwa ne. Ƙarar janareta ta cinye gaisuwar farko, don haka an fara rubutu daga inda murya ta fito.

...na baya kuna ji na? To madalla. Shugaban zama, iyayena mata da ke wancan gefe, malamai, ɗalibai, sannunku da zuwa. Minti arba'in aka ba ni, kuma abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in Allah ya yarda. Waɗanda suka san ni sun fara murmushi. [dariya]

Na farko, sunan abin. Turawa suna cewa otizim, a rediyo kuma za ku ji ana cewa galahanga. Ni ma da ita nake amfani, amma tana da matsala. Da ka ce galahanga, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne yaron da ba ya magana, ba ya iya yi wa kansa komai. Akwai irinsu, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu. Amma wanda na zo da maganarsa yau yana iya zama ɗan shekara 35, ya yi digirinsa a Samaru, yana da mata da 'ya'ya. A unguwa ana ce masa miskili, ko murɗaɗɗe, ko a ce ba ya shiga mutane. Abu biyu ake dubawa. Ɗaya, wahalar mu'amala: ba ya gane habaici, ba ya karanta fuska, mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, shi ko ya tambaya ba ta ba shi amsa. Ɗayan kuma nacewa a kan abu guda: hanya ɗaya, abinci ɗaya, magana ɗaya, in ka sauya masa tsari hankalinsa ya tashi, ga ƙara ko haske ko taɓi da ke damunsa fiye da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Yaran nan kuwa girma suke yi, ba ɓacewa suke yi ba. Ku lissafa mutanen Kwarbai da Sabon Gari da Samaru, sai ku ga ba ƙaramin jama'a ba ne.

Na biyu, me ya kawo dangi cikin maganar, alhali mutum da gemunsa? Dalili shi ne ba a gano wannan abu da gwajin jini, ba a ganin sa a hoton ƙwaƙwalwa. Tarihi ake bi, da lura. Littafin da likitocin Amurka ke aiki da shi, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya gindaya sharaɗi cewa dole alamun su kasance tun ƙuruciya, ko da ba su fito fili ba sai da nauyin rayuwa ya fi ƙarfin mutum. Tun ran gini tun ran zane ke nan. To ku gaya mini, wa ke tuna yadda yake yana ɗan shekara biyu? Alhaji, kai ka tuna ranar da aka yaye ka? [dariya] Ba ka tuna ba. Dole a nemo wanda yake wurin.

Kuma wannan shaida ita ke raba mana abubuwan da suka yi kama. Saurayin da ya tashi lafiya lau, yana ƙwallo da abokai, sai a shekara 20 ya janye ya fara jin muryoyi, wannan wata hanya ce daban, maganinta daban. Yaron da yake surutu da wasa har sanƙarau ya kama shi, kamar annobar 1996 da manyanmu ba su manta ba, ko zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai, bayan nan ya sauya, shi ma daban. Wanda kunnensa ne ba ya ji sosai, daban. In ban san yadda aka fara ba, zan iya ɗora wa bawan Allah maganin da ba nasa ba, ya yi shekaru yana sha yana kumbura.

Bari in ba ku wani labari da nake so. Mutum na farko da aka rubuta wa wannan suna a duniya Ba'amurke ne, Donald Triplett, daga wani ƙaramin gari a Mississippi. A 1938, yana ɗan shekara 5, aka kai shi wurin Dakta Leo Kanner a Baltimore. Kafin a kai shi, mahaifinsa ya zauna ya rubuta wa likitan wasiƙa shafi 33 a kan halayen yaron. Shafi 33! Mu nan in na ce wa uba yaya yaron yake yana ƙarami, sai ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. [dariya] Kanner ya buga bayanin yara 11 a 1943, Donald ne na ɗaya. Wato ilimin nan kansa da bakin uba ya fara. Donald ya yi aiki a banki, ya yi yawon duniya, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Har yau haka ake yi. Akwai wata doguwar hira da aka tsara, ADI-R, tambaya 93, ana yin ta da iyaye ko wanda ya yi raino, tana cin awa biyu ko fiye, kuma yawancinta a kan shekara 4 zuwa 5 take. Shi kuma mai abin ana zama da shi daban, a yi hira ana lura, kamar minti 40 zuwa awa ɗaya. Ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2012 kan manya ta ce in da hali a sa wani daga dangi ko abokin zama, ko a duba takardu irin rahoton makaranta.

To a nan nake so in tsaya, don nan ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka tsara tambayoyin nan, gidan da ke ransu shi ne na uwa da uba da yara biyu, uwa tana da ɗan littafi ta rubuta ranar da yaro ya fara tafiya. Sai ɗalibinmu ya haddace, ya zo ya ce wa mara lafiya, je ka zo da mahaifiyarka. Ya zo da Hajiya. Ka ce Hajiya, yaya sunan ɗan naki? Ta sunkuyar da kai. Ka ce yana kallon ki in kina ba shi nono? Ta ja mayafi. Ka ce kina yi masa wasa yana dariya? Ta ce ai ni ban sani ba. Sai ɗalibi ya rubuta cewa uwa ba ta da bayani, ko ma ya rubuta cewa babu shaƙuwa tsakaninsu. Alhali me ya faru? Ɗan fari ne! Alkunya take yi. Iyayena mata, ƙarya nake? [muryoyi: gaskiya ne] Ko sunansa ba ta faɗa, sai wannan yaron, sai shi wancan. Ka zaunar da ita gaban baƙon namiji, ga ɗan a zaune, kana tambayar ta shayarwa. Ina za ta iya?

Saboda haka ni tambayata ta farko ita ce, wa ya goye shi? A gidan Bahaushe yaro ba na mutum ɗaya ba ne. Haihuwar fari a gida ake yin ta, goyon ciki, kaka ce ke kan komai har a gama wankan jego. In yaye ya zo, wajen shekara biyu, a kai shi wurin kaka ko goggo, wani ma ba ya dawowa, ya zama ɗan riƙo. Kuma ku lura, daidai wannan lokaci ne alamun da muke nema suke fitowa. Ga yayarsa da ta riƙa goya shi tana 'yar shekara tara, ita ce ta kai shi dandali, ita ta san ko ya shiga cikin yara ko ya koma gefe yana jera marafan kwalba. Ga abokiyar zaman uwarsa, wadda ba ta yi masa alkunya, ido kuma ƙyam a kansa. Kar ku yi dariya, kishiya shaida ce mai kyau, ba abin da ke wuce ta. [dariya] Sai dai a tace abin da ta faɗa. In kuma an tura shi almajiranci yana ɗan shekara bakwai, akwai matar malam, akwai uwar ɗakinsa.

Akwai wani bawan Allah, na sauya wasu bayanai don kar a gane shi, ya haura talatin, gwanin lissafi, aiki uku ya bari duk saboda rigima da abokan aiki. Mahaifiyarsa ta zo, ba mu samu komai ba. Na ce wa ya yaye shi? Aka ce goggonsa, tana wani ƙauye wajen Giwa. Aka ɗauko ta a mota. Tsohuwar nan ta zauna ta miƙe ƙafa, ban yi tambaya uku ba ta karɓe zancen. Ta ce ɗan nan, in ana niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Ta ce in yana son ruwa ba ya nunawa, hannuna yake kamawa ya ɗora a kan randa kamar hannun ba nawa ba ne. Ta ce in ka ce masa kana son koko, sai ya ce kana son koko. Ta ce rigar sallah sai an wanke ta sau uku kafin ya yarda ta taɓa jikinsa. Wallahi abin da ke cikin littattafanmu ne take karanto mini, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Shi kuma yana gefe, ya ce Goggo, ashe haka na yi? Ta ce ka yi abin da ya fi haka.

Sai maganar lokaci. Kar ka tambayi tsohuwa a wata nawa ya fara magana. Ba da wata take lissafi ba. Ka ce kafin yaye ne ko bayan yaye? An haifi ƙaninsa ko tukuna? Ya shiga makarantar allo? An yi masa kaciya? In kana son shekara, ka kama abin da kowa ya sani: canjin kuɗi na 1984, rasuwar Abacha a 1998, husufin rana na 2006. Ta ce ai ranar husufin nan yana bayana, ko tatata bai fara ba. Shi ke nan, ka samu.

Haka wasa. Takarda za ta ce yana wasan kwaikwayo da kayan wasa? Ka mayar da ita gida. Tana tuwon ƙasa? Tana yi wa 'yartsana aure? Yana langa? Yana bin yara tashe da azumi, in ya bi yana shiga ko yana tsaye yana kallon fitila? In jirgi ya wuce, kun san mu nan Zariya ba ma rasa jiragen makarantar koyon tuƙi a sama, yana nuna miki da yatsa ya waiwayo ya ga ko kin gani? Wannan waiwayen, shi muke nema. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi yana yi ba wanda ya koya masa.

Sannan ido. Wannan ma sai an yi hattara. Baturen littafi ya ce rashin haɗa ido alama ce. Mu kuwa yaron da ya tsare babba da ido mari zai sha, a ce ba shi da kunya. To in mutum ya sunkuyar da kai a ofishina, tarbiyya ce ko alama? Ban isa in yanke ba sai na tambayi yayarsa: ke da yake wasa da ke, yana kallon ki? Sa'anninsa fa? Wani abokina Bakano ya ce ai ku Zazzagawa duk sai an gwada ku, tunda mace ma ne kuke ce mata. [dariya] Na ce masa mu dai mun karanta, ku ku ci gaba da awo.

Mata kuwa, nan ne ake yawan kuskure. A asibitoci ana samun maza kusan huɗu kafin mace ɗaya, amma binciken da ya bi jama'a gida gida ya nuna abin ya fi kusa da uku da ɗaya, wato akwai matan da ake tsallakewa. A wurinmu dalilin a bayyane yake. Yarinyar da ba ta magana, ba ta fita, ba ta ƙawaye, yabo take sha: natsattsiya, mai kunya, Allah ya ba mu irinta. Tana kallon yadda wasu ke gaisuwa tana haddacewa. Sai an kai ta gidan miji, gidan yawa, ga uwar miji, ga facaloli, yau biki gobe suna, kowa da habaicinsa, sai ta rushe. A ce iska ce, a ce sammu ne. Ni ban hana kowa addu'a ba, Allah gafarta malam kana ji na, a yi addu'a. Amma a tambayi wadda ta goye ta yadda take tun kafin a san za a yi auren.

Shugaba yana nuna mini agogo. Minti nawa? Subhanallahi. To na uku. Ko na huɗu ne? Bari in haɗa su.

Dangi su sani ba tuhumarsu ake yi ba. An taɓa yin zamanin da wasu masana a Amurka suka ce sanyin zuciyar uwa ke jawo abin, aka zalunci mata da yawa, har binciken tagwaye da Folstein da Rutter suka yi a 1977 ya nuna gado ne ke da babban kaso. Bincike na baya bayan nan ya kai shi wajen kashi 80 cikin 100. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi; rahoton 1998 da ya tayar da wannan ƙura, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Amma gadon nan yana da wani abin dariya. Ka ce wa uba, yana cin abinci kala ɗaya kullum? Ya ce to mene ne, ni ma shekara 40 tuwon masara nake ci. Yana ƙin taro? Ya ce taron me, ai ɓata lokaci ne. [dariya] Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba Kwalejin Barewa ta nan Zariya nake nufi ba. Uban nan ba ɓoyewa yake yi ba, a gidansu abin ba baƙo ba ne. Shi ya sa nake cewa a ba ni labarin abin da ya faru, kar a ba ni hukunci. Kuma wata uwar takan rage, don tana tsoron a ce gidansu da taɓin hankali, 'yan matan gidan su rasa miji. Wannan tsoron gaskiya ne, sai an lallaɓa.

Abu na ƙarshe, kuma da shi ya kamata in fara: babban mutum ne, sai da izininsa. Shi zai zaɓi wanda za a kira, yana iya cewa ban da wane, yana iya cewa a ji su ba ya wurin, sakamako kuma nasa ne. Dangi sun san abin da ido ya gani, abin da ke ciki kuwa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In uwa ta ce lafiya lau yake zuwa biki, shi ya ce in ya dawo kwana biyu yake yi a ɗaki, duka biyun na rubuta. Wanda iyayensa suka rasu ko ba sa shiri, ba a kore shi. A nemi yaya, a nemi abokin firamare, a nemi tsohon katin sakamako inda malam ya rubuta ba ya shiga cikin yara. Matar aure ma shaida ce a kan yau, ko da ba ta san jiya ba.

Akwai hannu a can. A miƙa wa Mama abin magana.

[Wata dattijuwa: Likita, sannu da ƙoƙari. Duk abin da ka faɗa kamar ɗan ƙanwata kake gani, ni na yaye shi. Yanzu shekararsa ta kai arba'in, yana ɗinkinsa, yana ci da iyalinsa. In na kawo shi ka sa masa suna, magani za ka ba shi ya warke? In babu, me ya sa zan tona masa asiri?]

Mama, Allah ya ƙara girma. Tambayar nan ta fi laccar tawa. Gaskiya zan gaya miki, babu ƙwayar da ke cire shi, kuma duk wanda ya ce zai sayar miki da ita kuɗinki yake so. Abin da muke yi wa magani shi ne abubuwan da kan raka shi: damuwa, fargaba, rashin barci, wasu kuma farfaɗiya. In ɗan naki yana zaune lafiya, matarsa ta san hannunsa, shi bai nemi komai ba, Mama ki bar shi da kekensa. Ba kowa ne sai an kawo ba.

Amma ki lura da abu biyu. In kin ga ya fara ƙuntata, yana cewa me ya sa ni ba kamar kowa ba, ko aure yana rawa saboda matar na ganin wulaƙanci ne yake mata in ya shigo bai ce komai ba, to a nan sunan yana da amfani. Mutumin da goggonsa ta zo ɗin nan, da muka gama ce mini ya yi, shekara 30 ina zaton ni mugun mutum ne. Matarsa kuma ta daina jiran ya gane da ido, ta koma faɗa masa kai tsaye, shinkafa ta ƙare, gobe za mu gaishe da Baba ƙarfe huɗu. A wurin aiki aka ba shi tebur a lungu nesa da hayaniya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ma tana nan, ga wanda yake son ya nemi haƙƙinsa.

Maganar tonon asiri kuwa, abin da kika faɗa a ɗakin likita a nan yake tsayawa. Kuma ba ke za ki kawo shi ba, Mama, shi zai kawo ki. Ki same shi ku biyu, ba a gaban matarsa ba, ba a tsakar gida ba. Ki ba shi labarin ƙuruciyarsa kamar hira, irin na randa da injin niƙa. In ya ce yana son ya ji ƙarin bayani, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ku ware yini guda, don ba zama ɗaya ba ne, kuma ki karya kumallo sosai, tambayoyin da yawa.

[Dattijuwar: To in ya ce ba ya so fa?]

Sai ki ce masa Allah ya yi albarka, ki ba shi ɗinkin sallarki. [dariya] Shugaba, an kira la'asar ko? To ɗalibin nan mai jar hula da ya ɗaga hannu tun ɗazu, ka same ni a bakin mota bayan salla.